Kati Mai Jan Layi

Ku da kuke karanta ni a waya da yatsa ɗaya, ku yi haƙuri da ni yau in na yi ta tsalle-tsalle a zance. Shekaru sun ja, amma in na tuna makon nan na watan Maris na 1997, har yanzu sai na tashi na zaga ɗaki kafin in iya zama in ci gaba da rubutu.

Sunana Salome, ɗiyar Yosefu mai lambun albasa. Sai dai in ka zo garinmu, can gefen Madawa inda asibitin mishan yake, ka ce a nuna maka gidan Yosefu mai albasa, ba wanda zai gane. Sai can wani ya ce, "Au, kuturu? Bi bayan asibiti ka gangara fadama." Babana ya warke tun ban zo duniya ba. Cutar ta tafi da yatsunsa, ta taɓa ƙafar mahaifiyata, Inna Marta, ta wuce abinta, amma sunan ta bar mana shi. Ni yatsuna goma cif, dogaye, har Inna kan riƙe su tana juyawa ta ce Allah ya biya ta da ni. Duk da haka, da na gama lakwal, wato makarantar boko, da takardata a hannu, ko shagon saida sabulu ba wanda ya yarda ya ɗauke ni.

Ana nan sai asibiti ya samu ordinatar, wato kwamfuta, guda biyu. Pasto ya yi shela a majami'a cewa za a koyar da irinmu waɗanda ba a ɗauka aiki: 'ya'yan unguwar fadama, guragu, da matan da mazansu suka rasu. Aka kawo mana malami daga Madawa, Mushe Kalla (Mushe muke ce wa malamin boko), Musulmi ne, siriri, ba ya dariya sai in inji ya yi abin da ya ce. Wata shida muna kan kalabiye, wato allon nan mai haruffa, har ƙawata Zali mai sanduna biyu ta samu aikin buga takardu a Keita. Ran da ta hau mota mun yi kuka, mun yi guɗa, duk a haɗe.

Asibitin kansa kujera ɗaya yake da ita, ta ofishin katunan marasa lafiya. Mu biyu muka rage a kanta: ni da Deborah. Kada ku tambaye ni abin da ya kawo Deborah cikinmu, ita da ba gurguwa ba, ba 'yar fadama ba. Ubanta Malam Mika dattijon majami'a ne, shi ne kuma shugaban kwamitin asibiti. In an ce kujerar koyo takwas ce, ta tara ba ta yi masa wuyar samu.

Gwajinmu na ƙarshe shi ne shigar da tsofaffin katuna cikin inji, kwali-kwali, tun na zamanin Turawan farko. Mushe Kalla ya kafa doka biyu, muka sa hannu a kansu. Ta farko, ba mai shigar da kati shi kaɗai: ɗaya ta karanta da ƙarfi, ɗaya ta buga, washegari a yi musanya. Ta biyu, abin da ido ya gani a kati ba ya fita ƙofa.

"Wadda tak karya ɗaya," in ji shi, "ga ƙohwa nan, ba ta da makulli."

Deborah kuwa tana da tata dokar. Duk ranar da za ta hau injin bayana, sai ta zaro ɗan tsumma daga jakarta, ta jiƙa shi da ruwan jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, ta goge kalabiye harafi bayan harafi. A gabana. Tana yi tana waƙar Lahadi a hanci. Har yau in na ji warin jabel sai in tuna tsumman nan.

To ga inda abin ya cakuɗe. Wan Deborah, Daniyel, shi ke kula da gurup, injin da ke ba asibiti wuta. Gurup ɗin yana tsohon ɗaki na huɗu, inda a da ake kwantar da kutare kafin a rufe shi. Kullum da bakwai na safe sai Daniyel ya tada wuta, ya shigo ya duba ko injinanmu sun kama. Kowace ɗaliba tana da disket ɗinta, ɗan faifan ajiye rubutu, a cikin gwangwanin biskit, da sunanta a jiki. Wata rana na sa nawa sai na ga rubutun da ba ni na yi ba:

"Ina kwana Salo. Yatsa biyu nike bugawa, kar ki yi min dariya. Kallabinki na jiya ya yi kyau."

Na goge shi da sauri. Washegari ga wani:

"Kin goge, ke nan kin karanta. Na gode."

Jama'a, ina zan kai wannan? Ni da samarin gari ke gaishe ni da hannu a aljihu. Haka muka yi wata huɗu, shi ya rubuta da safe, ni in ba shi amsa kafin a tashi. Ya san ranar da na sa atamfata mai ruwan ganye, ya san ranar da lallena ya fara gushewa. Ni kuma na san warin gazuwal, man gurup, a rigarsa tun yana bakin ƙofa.

Da magana ta yi ƙarfi, Daniyel ya matsa wa ubansa. Malam Mika, wanda tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙafarsa a unguwarmu ba, ya turo dattawa biyu wai su zo gaisuwa. Inna ta share gida har bayan rumbu, ta shimfiɗa tabarmar Kirsimeti, ta dama fura mai tsami a ƙwaryar Baba. A wajenmu, in baƙo ya zo maganar aure ya sha furar gidan, an fara magana ke nan. In bai sha ba, ya riga ya ba da amsa. Dattawan nan suka dubi ƙwarya, suka dubi dungulmin hannuwan Baba da ya tallafo ta da su, suka ce sun ƙoshi. Bayan tafiyarsu Inna ta juye furar wa akuya, ta shiga ɗaki ba ta fito ba sai la'asar.

Tun daga ranar ta sa ni gaba.

"Ki hita harkar yaron nan, Salome. Aiki za ki riƙe. Miji na iya kallon asalinki, inji ba ya kallo."

"Inna, shi ai bai ƙi ni ba."

"Shi za ya aurar da kanshi? Ki samu kujerar nan ki zauna, in ga wanda za ya goge ki da jabel!"

Ranar Laraba da yamma, Deborah ta tafi koyon waƙa da wuri, aka bar ni ina jera kwalin shekarar 1961 bisa lamba, don aikin gobe. Katunan sun yi ja, wasu gara ta ci gefensu. Duk mai jan layi a kusurwa, na ɗaki na huɗu ne. Na san zan ci karo da na Baba a wannan kwali, na kuma shirya wa ranar da Deborah za ta karanta shi da muryarta ta mawaƙa. Ga shi kuwa, lamba 411: Yosefu, daga Deule. Na shafa shi, na aje.

Na ɗaga na gaba. Lamba 412, jan layi. An rubuta Ɗanasabe, an soke, an rubuta Mika a sama da wani biƙ, wato biro, daban. Daga Deule. Rana ɗaya da Baba. Tabo biyu a baya, magani shekara biyu, ya warke ba nakasa.

Na karanta sau uku. Mika ɗaya ne ɗan Deule a garinmu, kuma na sha jin tsofaffi in suna tsokanarsa suna kiransa Ɗanasabe, yana haɗe rai. Na zauna daɓas a kan kwali.

Ni ba waliyyiya ba ce, gara in faɗa muku gaskiya. Abin da ya fara zuwa min daɗi ne. Wani irin daɗi mai zafi, har na rufe baki kada in yi dariya ni kaɗai. Gobe Alhamis Deborah ce mai karatu, ni ce mai bugawa. Ba sai na karya doka ba, ba sai na buɗe baki ba. In zauna kawai, in ɗora yatsuna a kan kalabiye, ta karanta na babana tana yatsina, ta juya na gaba, ta karanta na nata uban da bakinta. Daga nan wa zai sake ce min asali? Wa zai ƙi shan furarmu?

Na mayar da katin wurinsa, na rufe kwali, na gangara fadama kamar ana kora ta.

Na iske Baba a lambu yana ban ruwa. Igiyar guga yake naɗewa a wuyan hannu, ya ja, ya juye a kwami, albasa ta yi kore shar. Na tsaya a kansa ina haki.

"Baba, kai kaɗai ka zo asibiti daga Deule?"

Bai ɗago ba. Ya sake jefa guga.

"Kin kai kwalin sittin da ɗaya ke nan."

"Baba, ka sani?"

"Jaki ɗaya yak kawo mu, ɗiyata. Ni na gane tabon ga bayanshi muna wanka a tabki, don na san shi ga jikina. Ni na ɓoye nawa shekara huɗu har yac ci yatsu. Shi na ja shi da wuri. Gadonshi na jikin nawa."

"Shekara talatin da shida! Shina hana ɗanshi aurena, ɗiyarshi na goge inji bayana, kai kuma kana nan kana ban ruwa?"

"Albasa ba ta jiran hushi."

Ashe Inna na bayan danga tana tsinkar yakuwa. Sai ga ta ta faɗo lambun tana ɗingishi, zane a hannu.

"Laifi tudu ne! Yosefu, shekara nawa kana hana ni buɗe baki? To yau ba ni ba ce, ba kai ba ne, takarda ce. Salome, ki zauna ki yi shiru, ki bar 'yar nan ta karanta. Allah ne ya jera lambar, ba ke ba."

Baba ya kwance igiya daga hannunsa a hankali, ya zauna a bakin rijiya.

"Marta, kin san abin da anka yi muna. In an ji, haka za a yi mishi, a yi wa matarshi, a yi wa yarinyar. Shi ma Daniyel ɗin, ɗan kuturu za a kira shi." Ya juyo gare ni. "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Ni ba ni da yatsu, na rufe. Ke da goma, ki ga abin da za ki yi da su."

Na bar su suna yi, na koma gida. Na ɗora tukunya na manta gishiri. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na ciro kayan gobe na mayar, na sake cirowa. Inna ta ce in zauna ina sa ta jiri.

Da safe na sa atamfar nan mai ruwan ganye, na ɗaura kallabi har sau uku bai zauna ba. Na sa disket, ga saƙon Daniyel:

"Baba yac ce in na sake gangarawa fadama in nemi wani uba. Ban yi barci ba. Ki riƙe ni, Salo, ni ban sake ki ba."

Na goge. Ban ba shi amsa ba, don ban san wace Salome za ta fita daga ɗakin nan da rana ba.

Deborah ta zo da leshi ruwan hoda da takalmi mai tsini, ta zauna gefena, ta jawo kwali. Ta fara karatu ina bugawa. 380. 391. 398. Kowane kati ta aje, sai in ji kamar mataki ɗaya ne zuwa bakin rijiya. Ina satar kallonta: 'yar wuyanta, 'yan kunnenta na azurfa, yadda take lasar yatsa kafin ta ɗaga kati. Shekararta sha tara. An sa mata rana da wani malamin lakwal na Buza. Na tuna dattawan nan biyu da ƙwaryar Baba, sai na ga wata ƙwarya a tsakar gidan su Deborah, an ture ta gefe. Na buga harafi ba daidai ba har sau biyu.

"Ke, yau mi ke damunki?" in ji ta. "Ko mun kusa gida ne?"

Muna lamba 404 aka buga ƙarfen hutun ƙarfe goma. Mushe Kalla ya fita shan shayi, Deborah ta bi masu ƙosai. Ɗaki ya rage ni da ƙarar gurup.

Ɓoye katin ba zai yiwu ba, Mushe Kalla na ƙirga lamba da yamma, in ɗaya ta ɓace dukanmu mun faɗi. In na karɓi karatun ma, da kunnenta za ta ji. Hanya ɗaya ce: in shigar da shi ni kaɗai yanzu, in cusa shi ƙarƙashin waɗanda aka gama, in an zo wurin in ce mun riga mun yi. Doka ta farko ke nan zan karya. Na san haka sarai lokacin da na zura hannu a kwali.

Minti ɗaya ya ishe ni. Na buga lamba, suna, gari, shekara. Ina kan layin ƙarshe na ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi. Tsumman jabel ɗinta ta manta, ta dawo ɗauka don ta goge hannu kafin ta ci ƙosai.

Na danna ajiya, na share fuskar inji, na kife katin a cinyata. Amma ta riga ta ga jan layin.

"Mushe! Mushe Kalla! Zo ka gani!" Muryarta har baranda. "Ita kaɗai take bugawa! Katin ubanta ne, so take ta wanke shi daga cuta!"

Mutane suka cika taga: masu shara, 'yan jinya, har mai ƙosai. Mushe Kalla ya shigo da kofinsa a hannu, ya miƙo min ɗaya hannun. Na ba shi katin a kife. Ya juya shi ta gefensa, ya karanta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.

"A nuna muna mana!" in ji Deborah. "Ke, hwaɗi da bakinki, na wane ne?"

'Yan'uwa, kalma ɗaya ce tsakanina da kujerar nan, da Daniyel, da duk wulaƙancin wata shida. Tana kan harshena, har na ji ɗanɗanonta. Na dubi tsumman da ke hannunta yana ɗiga.

"Na babana ne," na ce.

Aka yi "ayya" a taga, wani ya yi tsaki. Mushe Kalla ya jawo ambulan, ya sa katin, ya liƙe, ya sa hannu a kan liƙin.

"Doka doka ce. Salome, ki tahi gida sai kwamiti ya zauna. Katin ga kuma ba mai ganinshi sai shugaban kwamiti, hannu da hannu."

A lokacin ban gane abin da ya yi ba. Sai da na kai rabin gangara na tsaya cak a kan hanya, na tuna wane ne shugaban kwamiti.

Inna kuwa, da ta ji, zama ta yi a kan turmi ta ɗora hannu a ka.

"Kin zubar da aiki don ki rufa wa maƙiyinki asiri! Kuma kinka bari gari ya ce kunyar ubanki kike ji! Wayyo ni Marta, na haihi Yosefu na biyu."

Wannan ta biyun ita ta fi cina. Kafin la'asar zancen ya gama gari: 'yar kuturu ta so ta goge ubanta daga inji. Matan da muka yi karatu tare suka daina amsa gaisuwata da kyau. Ba disket, ba saƙo, ban san abin da aka gaya wa Daniyel ba, ban san ko ya yarda ba. Juma'a na wuni tsakanin ƙofa da rumbu. In na ji ƙarar mobilet, ɗan babur irin nasa, sai in leƙa, in ga ba shi ba ne, in dawo in zauna, in sake tashi. Baba bai ce min na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Albasa mafi girma a lambun kawai ya tono ya aje min a bakin ɗaki.

Asabar da rana tsaka, lokacin da ko kaji sun shige inuwa, muna zaune ƙarƙashin bishiyar bedi, sai muka ji motsi ta bayan gida, ta wajen kwamin albasa inda ba hanya. Wani dattijo ne cikin farar riga, takalminsa duk laka, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ƙaya. Malam Mika.

Inna ta miƙe tsaye. Baba ya taɓa zanenta da dungulminsa, ta koma ta zauna.

"Salama alaikum," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, yana waigen danga.

"Maraba da Ɗanasabe," in ji Baba. "Ka ɓata hanya?"

Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa tabarma. Ya zauna a gefe-gefenta. Ya ciro ambulan ɗin daga aljihu, an yage bakinsa, ya aje tsakaninmu. Ya daɗe yana kallon yatsuna kafin ya yi magana.

"Ɗiyata, mi yas sa?"

"Baba," na ce wa Malam Mika, "na sa hannu a takarda cewa abin da na gani ba ya hita ƙohwa."

"Kin sa hannu kuma cewa ba ki bugawa ke kaɗai."

"I, Baba. Ɗaya ce za ta karye, na zaɓi wadda za ta karye a kaina."

Ya share zufa da hannun riga. Idonsa ya yi ja.

"Litinin ki koma. Kujerar taki ce, na gaya wa Mushe Kalla. Deborah na da aure gabanta, ba ta buƙata." Ya juya ga Baba. "Amma zancen yaron nan, Yosefu, ka gane ni. Mutane za su ce mi? In na haɗa jini da gidan ga, sai an tona, sai an tambayi dalili. Shekara talatin da shida ina gina katangar nan."

"Ka ji shi ko!" in ji Inna. "Ya zo biyan ladan rufin asiri."

Ni dai na sunkuyar da kai. Ga aikin da na yi wata shida ina nema an aje min a tabarma, amma an hana ni Daniyel. Haushi ya kama ni, na kaina da na kowa. Na so in ce ya ɗauki kujerarsa ya tafi da ita. Na tuna Zali a mota, na tuna shagon sabulu, na fasa, ina hawaye.

"Salome," in ji Baba, "baƙo ya sha rana. Kawo hura."

Na ɗauko ƙwaryar nan dai, wadda aka ƙi. Baba ya tallafe ta da dungulminsa biyu, ya kurɓa, ya miƙa. Malam Mika ya dubi ƙwarya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ba kowa sai akuya. Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai. Wallahi ban taɓa ganin dattijo ya sha fura haka ba, maƙogwaro na kai da kawowa, har tana gangaro masa a gemu. Da ya sauke, sai ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"Kai, Yosefu! Har yanzu tsamin nan kake so? Kamar wadda kake dama muna a ɗaki na huɗu, in na ƙi shan magani ka ce sai na shanye."

Hankalin Baba ba ya kansa. Ƙofar gida yake kallo. Na bi idonsa.

Daniyel ne tsaye a bakin zaure, da rigar aikinsa mai gazuwal, ya turo mobilet a kashe don kada a ji shi a gari. Daga baya ya gaya min zuwa ya yi ya tambaye ni ido da ido ko gaske ne na ji kunyar babana. Bai ko kalle ni ba. Ƙwaryar da ke hannun ubansa yake kallo, da furar da ke gemunsa.

"Baba," ya ce, "ɗaki na huɗu? Inda gurup yake? Mi yak kai ka ɗaki na huɗu?"

Inna ma, da ta yi shekaru tana jiran ranar nan, ƙasa take kallo. Malam Mika ya dubi Baba kamar mai neman a cece shi, Baba kuwa gusawa kawai ya yi, ya bar wuri a kan tabarma.

Sai dattijon ya ɗaga ƙwaryar, ya miƙa wa ɗansa.

"Zo zauna," ya ce. "Sha tukuna. Maganar doguwa ce."